Shekarar da Babana Ya Zama Saura Kaɗan

Ranar wata Asabar ce a damanar 1984, damanar da ta zo ta wuce ba ta cika mana ko randa ba. An idar da sallar magariba, mutanen unguwarmu sun taru a filin gaban lakwal, makarantarmu ta boko, inda ake fito da tele, wato talabijin, ɗaya tilo da muke da ita, a ɗora ta a kan tebur a jona mata batir. Maza suna kan tabarmi a gaba, mata a tsaye daga baya, mu yara kuwa muna baje cikin rairayi. Shekarata goma sha ɗaya, ƙanena Laminu yana goye a bayana yana tsotsar bakin mayafina. Teyatur ɗin da ake sawa duk mako ne, wasan kwaikwayo na wani Alhaji mafaɗaci da iyalinsa, wanda 'yan wasan Damagaram suke yi. A ranar Alhajin ya je karɓar babbar rigarsa wurin tela, ana gobe sunan jikansa. Sai hoto ya juya kan wani mutum da ya duƙa a kan keken ɗinki. Na ga ƙeyar, na ga yadda yake tura yadi da ɗan yatsan tsakiya. Babana ne. Alhaji yana ta zazzaga masifa, shi ko bai ɗago ba sai da ya kai ƙarshen layi. Ya tsinke zaren da haƙori, ya ɗaga aljihu guda ɗaya tak da ya ɗinka, ya dubi Alhaji da fuskar nan tasa da ba ta san wasa ba, ya ce, "Saura kaɗan." Filin nan ya kaure da dariya. Wata tsohuwa ta zauna daɓas a ƙasa tana share hawaye, Laminu ya firgita ya fashe da kuka. Ni ma na yi dariya a ranar, har cikina ya ƙulle. Ban san abin da nake wa dariya ba.

Sunan babana Isa, kuma kafin wannan rana duk Matameye Isa Tela ake ce masa, bayanta kuwa sunansa ya koma Saura Kaɗan. Rumfarsa tana kusa da tasha, keke ɗaya, benci ɗaya, da igiyar da yake rataye kayan da ya gama. Ba shi ya fi kowa iya aiki a wuyan riga ba, amma akwai abin da aka san shi da shi, wanda ya fi alfahari da shi fiye da komai: ba ya saɓa rana. Yakan ce wa mai kaya, "In na ce maka Laraba, kada ka zo Talata, kada kuma ka kai Alhamis." In salla ta matso, ya ga aiki ya fi ƙarfinsa, sai ya mayar wa mutum yadinsa ya nuna masa wata rumfar, ko da a gida Inna tana jiran cefane. Ba mai yawan magana ba ne, dariyarsa ma a hanci take tsayawa. Abin da ya kai shi cikin tele kuwa, abokinsa ne na ƙuruciya tun suna Dawce, Mushe Lawali, kamar yadda muke kiran malaman lakwal, wanda yake koyarwa a Damagaram yana kuma shugabantar 'yan wasan. Baba ne yake ɗinka musu kayan wasa. Ya je kai kaya ne ya tarar wanda aka ba matsayin tela ya kasa taka keke, keken yana ta komawa da baya, zare yana ta tsinkewa. Mushe Lawali ya ce, "Isa, don Allah zauna ka taka mana, in ya gama faɗa ka ce abin da teloli ke cewa." Ya zauna ya taka. Da ya dawo gida bai ma ba da labari ba, sai da Inna ta tambaye shi dalilin daɗewarsa, ya ce alfarma ya yi wa Lawali, kuma an gama.

Ba a gama ba. Sai wanda ya ga shekarar nan zai gane yadda mutane suka rungumi kalmomin nan biyu. Sau uku muka yi shuka a gonarmu ta hanyar Icirnawa. Na farko iska ta binne, na biyu tsuntsaye da ɓeraye suka tone, na uku ya tsiro ya kai gwiwa, sannan ya tsaya yana kallon sama har ya ƙone. Da asuba nake fita da tulu zuwa rijiya, in tarar da layin mata, guga yana fitowa da rabi laka, ana ƙara wa igiya tsawo da tsumman zani. In na dawo in share tsakar gida, in ba akuyoyinmu busasshen ganyen dogon yaro da ɓawon gyaɗa, sannan in ɗauki ardwazina, ɗan allon rubutuna, in ruga lakwal. Da yamma mu bi gefen gonaki neman tafasa, da ta ƙare muka koma 'ya'yan anza, waɗanda Inna ke jiƙawa kwana da kwanaki tana canza ruwa kafin ɗacinsu ya ragu. Makiyaya suna shigowa kasuwa da shanun da ba sa iya tsayuwa. Maza suna ta tsallakawa Daura da Kano, gidaje suna komawa na mata da tsofaffi. Kowa jira yake yi: jiran hadari, jiran kamiyo, babbar motar hatsin taimako, jiran saƙon wanda ya tafi. Sai ga wani mutum a cikin tele, riƙe da aljihu ɗaya, yana faɗa da gaskiyarsa cewa saura kaɗan.

Kafin wata ya zagayo, wasiƙu sun yi yawa a Damagaram ana tambayar ina tela. Mushe Lawali ya zo da kansa har zaurenmu, ya daɗe yana lallashi. Baba ya yarda ne saboda ɗinki ya ja baya, kuma in ya je akan haɗo shi da ɗan abin da za a sa a tukunya. Daga fitowa ɗaya aka koma sa shi kowane mako. Wasan na Alhaji ne da gidansa, amma mutane sun daina sauraron Alhaji, surutunsu suke yi har sai an nuno keke, sannan a yi tsit. An ce wanda yake fitowa a Alhajin, mutumin da ya shekara goma yana teyatur, ya daina amsa gaisuwar Baba. Ni ban ga laifinsa ba. Shi ne ke haddace magana shafi-shafi, yana zufa cikin rawani, wani kuma ya zo ya furta kalma biyu ya kwashe filin.

Daga nan abin ya fita daga tele ya shiga gari. Direbobin taksin Damagaram suka rubuta kalmomin da fenti a bayan motocinsu. Aka fito da wani ɗaurin kallabi mai barin gefe ɗaya a sake, aka sa masa sunan. 'Yan mata suka sa shi a waƙar gaɗa, ana tafi ana faɗowa. Mai shayi ya sa wa teburinsa, mai jaki ya sa wa jakinsa. Ranar kasuwa, mutanen ƙauye da 'yan tsallaken iyaka sukan cika gaban rumfar Baba, ba yadi a hannunsu, kallo kawai suka zo. Su tsaya su tare masa haske, wani ya ce, "Don Allah faɗa mana sau ɗaya." Baba ya sunkuyar da kai ya ci gaba da taka keke, su kuma su fashe da dariya, don a wurinsu shirun ma wasa ne. Abin da ya fi ci masa rai shi ne masu kawo ɗinkin. Mutum ya zo ranar da aka yi masa alkawari, Baba ya sauko da rigarsa a goge a ninke, sai ka ga fuskarsa ta canza kamar an cuce shi. Wani ma cewa ya yi, "Haba, ni da na zo da abokaina su ji." Shekara ashirin yana gina suna a kan cika alkawari, ga shi duk ƙasar ta san shi a matsayin telan da ba ya gama riga.

Ni kuwa a lakwal na ɗanɗana tawa. Da safe in Mushen ajinmu yana kiran suna, ya ce, "Zainabu Isa," kafin in amsa sai a ji ƙus-ƙus daga bayan aji, sannan dariya. In ya tambaya ko an gama lissafi, aji duka su haɗa baki su ba shi amsar babana, shi ma ya juya ga allo kafaɗunsa suna rawa. A wurin carafke, in na jefa dutse na kasa cafewa, an samu abin faɗa. In na makara saboda layin rijiya, an samu abin faɗa. A jarrabawar farko ta shekarar ni na zo ta ɗaya, na kwana biyu ina jiran ranar da direkta zai karanta sakamako a gaban tuta. Da ya kira sunana, tsakar lakwal ta ɗauki ihun sunan tela, har ba wanda ya ji matsayin da na samu. Na karɓi kayena, littafin rubutuna, na koma layi idona ya cika. A ranar ce wata yarinya mai suna Balki ta ja gefen rigata ta ce a duba ko an gama ɗinke ta. Na kama kitsonta na kai ta ƙasa, na cusa mata rairayi a baki. Aka sa ni gurfane a rana, hannuwa a sama, har aka tashi. Da na je gida na ce wa Baba ya daina zuwa Damagaram. Ya ce, "Shinkafar da kika ci jiya, daga can ta fito." Na kwana uku ban kai masa ruwan alwala ba, sai Inna ce ta kai.

Lokacin mulkin soja ne, kuma mun taso mun san akwai maganar da ba a yi a bakin hanya. In manya suna hira a zaure, motar masu kaki ta wuce, sai hira ta koma kan zafin rana. Da aka fara rabon jar dawa ta taimako, ni da Inna muka je gaban magaza, ɗakin ajiyar hatsi na gwamnati, da buhunmu muka bi layi. Ranar farko aka ce kamiyo yana hanya. Rana ta biyu aka ce ya lalace a hanya. A rana ta uku, wani dattijo ya tambayi mai riƙe da takardu yaushe ne, kafin ya buɗe baki wata mata daga baya ta amsa masa da kalmomin Baba. Layin nan duka ya ɗauka, mata suna tafi, ana maimaitawa kamar waƙa. Ba dariya ce irin ta filin tele ba, wannan da ɗaci a cikinta. Inna ta ja mayafi ta rufe fuska. Washegari aka wayi gari an rubuta kalmomin da gawayi, manya-manya, a bangon magaza.

Da hantsi jandarma biyu suka zo rumfa suka tafi da Baba, ko keken bai rufe ba. Wani yaron tasha ya kawo mana labari. Inna ta ajiye taɓarya ta zauna a bakin turmi har azahar. Maƙwabta suna leƙowa daga zaure su koma, ba mai son a gan shi a ciki. Sai bayan la'asar ya dawo, leɓɓansa sun bushe, ya sha ruwa moɗa biyu ya shiga ɗaki. Na girma kafin Inna ta ba ni labarin abin da ya faru. An zaunar da shi a benci tun safe ba wanda ya kula shi. Daga baya aka shigar da shi gaban wani babban soja da aka turo saboda rabon abincin, ya tambaye shi wa ya koya masa maganar, kuma wa yake nufi da ita. Baba ya ce, "Ranka ya daɗe, riga nake nufi." Aka ja masa kunne sosai, aka ce ya tashi ya tafi. Ya kai bakin ƙofa sai sojan ya kira shi, ya kirawo sauran na ofis suka tsaya, ya gyara zama yana murmushi ya ce, "To, kafin ka tafi, faɗa mana sau ɗaya." Kuma ya faɗa. Inna ta ce wannan ne abin da bai taɓa hucewa a kansa ba, ba zaman bencin ba.

Bayan mako biyu saƙo ya zo daga Mushe Lawali cewa an ce a cire tela daga wasan. Na yi murna har na yi tsalle a bayan rumbu, ina ganin za a dawo mana da sunanmu. Ashe sabon babi aka buɗe. Labari ya bazu cewa an kama shi ne don ya faɗa wa hukuma gaskiya. Dattawan da a da suke ganin teyatur shashanci ne suka riƙa tsayawa a rumfa suna ba shi hannu biyu. Ya ce musu wallahi shi bai nufi kowa ba, su kuma su kashe ido su ce, "Mun gane, Malam Isa, ba sai ka faɗa ba." Ma'aikatan gwamnati kuwa, waɗanda su kaɗai suka rage masu ɗinka sabon kaya a shekarar, suka ɗauke ƙafa, kowa yana tsoron a ga babur ɗinsa a ƙofar rumfar. Shinkafar Damagaram ta yanke, ɗinki ya yanke. Baba ya koma facin tsofaffin buhuna da tantin kasuwa, allura tana karyewa, mutane kuma suna wucewa suna ɗaga masa hannu kamar wani gwarzo.

Da bazara ƙyanda ta shigo unguwa ta kama Laminu. Ƙurajen suka bushe amma gudawa ta biyo baya, yaro ya zube, idanunsa suka faɗa, kuka ma ya daina. Likitan garinmu ya duba shi ya ce a kai shi Damagaram yau, ba gobe ba. Muka fita tasha da hantsi, Baba ya rungume shi cikin zanin Inna, Inna tana biye, ni ina ɗauke da buta da ƙullin kaya. Mota ɗaya ce a layi, mutum huɗu a ciki, kuma kowa ya san ba ta tashi sai ta cika, ko da za a kai la'asar. Baba ya tambayi ɗan kamasho yaushe za a tashi. Mutumin ya dube shi, ya dubi jama'a, bakinsa har kunne don ya samu damar da ya daɗe yana jira, ya ba shi amsa da kalmominsa, har da kwaikwayon muryar. Tasha ta ɗauki dariya, masu talla suka matso. Ban taɓa jin na tsani mutane kamar a lokacin ba. Baba bai yi faɗa ba. Ya yaye zanin daga fuskar Laminu ya juya shi ga jama'a, ya ce da ƙarfin da ban san yana da shi ba, "Sunana Isa. Wannan ɗana ne. Ku dube shi."

Direban, wani ƙaton mutum da ke shan shayi a gefe, ya ajiye kofin ya zo ya buɗe ƙofar gaba da kansa. Ya ce wa ɗan kamasho ya matsa, ya tayar da mota da kujeru fiye da rabi babu kowa. A hanya ya ce matarsa ta rasu bara, kuma ranar da ya fara yin dariya bayan rasuwarta, Baba ne a tele. A shingen hanya jandarma ya leƙo, ya gane fuskar, ya sauke igiya bai tambayi takarda ba. A asibiti layi ya fito har waje, mata zaune a ƙasa kowace da yaro a cinya, wasu sun fi Laminu zubewa. Wani ma'aikacin jinya ya hango Baba, ya kira sunan telan da murna, sannan ya ga abin da ke hannunsa. Ya ja Baba ya ratsa da mu ta tsakiyar matan nan har ciki, aka sa wa Laminu ruwa nan take. Ina tuna wata mata mai baƙin mayafi da ta janye ƙafarta don mu wuce. Ta bi mu da ido kawai.

Laminu ya tashi. Kwananmu tara muka dawo, yana zaune a cinyar Inna yana tsotsar lemo. A cikin motar dawowa, bayan mun wuce rabin hanya, Baba ya ce, ba tare da ya dubi kowa ba, "Da da sunana na je, da muna kan layi." Ban san ko godiya yake yi ko ƙorafi ba, ina jin shi ma bai sani ba. Na so in ci gaba da tsanar sunan nan hankalina kwance, ga shi ya ɗauki ƙanena ya tsallake da shi kan 'ya'yan wasu. Har yau in na tuna matar nan mai baƙin mayafi, ba na sanin inda zan ajiye abin.

Damanar da ta biyo baya ta yi kyau, gero ya yi, maza suka fara dawowa, masu ɗinki ma suka dawo sannu a hankali. Da abubuwa suka lafa Mushe Lawali ya zo sau biyu yana roƙo, Baba ya ba shi fura ya raka shi tasha, bai koma ba. Ya ci gaba da taka kekensa har idonsa ya gaza, bai saɓa wa kowa rana ba, kuma ba a daina kiransa da sunan telan ba har ya koma ga Allah. A ƙarshen rayuwarsa in yara suka kira, yakan ɗaga musu sanda ya wuce.

Yanzu filin gaban lakwal an gine shi da azuzuwa, kowane gida da tele, kowane yaro da waya a hannu. 'Ya'yana sukan nuna mini wani da ya yi abin dariya duniya ta ɗauka, bayan mako biyu in tambaye su shi, sun manta. Sun san kakansu ya taɓa yin suna, sun roƙe ni in nuna musu. Na je har inda aka ɗauki wasan na tambaya, wani dattijo da ya yi aiki a lokacin ya ce kaset ya yi ƙaranci a shekarun, sai aka riƙa ɗaukar sabon shiri a kan tsohon, bai jin akwai abin da ya rage. A hanyar dawowa na lissafa sau nawa na kalle shi da idona, na ga sau biyu ne. Sauran Asabar ɗin duka ina tsakar gida ina wanke kwanoni da gangan, ina jin dariyar gari tana tsallako katanga, ina cije baki. Mutanen da ba su san shi ba sun ƙoshi da kallonsa. Ni da nake 'yarsa, fushi na tsaya yi.